Bututun maɗaciya bayan dashen hanta: inda yake ɓaci da yadda ake gyara shi ta baki

Mutumin da aka yi wa dashen hanta a Indiya ko Turkiyya ko Masar, ya dawo Maraɗi aka yi ta zuwa barka, abin da iyalinsa suka fi riƙewa a rai shi ne kada jiki ya ƙi baƙuwar hanta. Tsoron yana kan hanya, don shi ne ma ake shan maganin danne garkuwar jiki safe da yamma. Sai dai akwai wani ɗan wuri a cikin aikin, kaurinsa bai kai na fensir ba, wanda ke mayar da masu dashe gadon asibiti fiye da yadda ake zato: mahaɗar bututun da ke kai ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji. Cikin mutum goma da aka yi wa dashe, ɗaya zuwa uku sukan gamu da matsala a nan, ko bututun ya tsuke, ko ya yi yoyo, ko ya cushe. Tun bayan da Thomas Starzl ya fara gwada dashen hanta a Denver ta Amurka a 1963 likitocin fiɗa suka gane nan ne lagon aikin, har yau kuma ba a rabu da shi ba. Hanyar gyara ce ta sauya. A da sai an sake buɗe ciki, yanzu kuwa mafi yawa ta baki ake bi.

Hanta tana tatso ruwan maɗaciya dare da rana, wajen rabin lita zuwa lita guda a yini. Wanda ya san fadamar Jiratawa ya san yadda babbar hanyar ruwa ke rarrabuwa har ta isa kowane fangali. A hanta akasin haka ne: ƙananan hanyoyi ke haɗuwa su zama rassa biyu, na dama da na hagu, su kuma su game a ƙofar hanta su zama bututu guda mai faɗin milimita 6 ko ƙasa da haka. Daga nan ya gangara ya ratsa kan fankiriya, wato gaɓar da ke bayan tumbi mai fitar da ruwan narkar da abinci, ya buɗe a farkon ƙaramin hanji ta wani ɗan tsiro mai kamar kan nono. Bakin nan yana da zoben tsoka mai tsukewa da saki, ana kiransa zoben Oddi. Matsarmama ma'aji ce kawai a gefen hanya, kuma mai dashe ba ya tare da ita, an cire.

Asalin matsalar yana wajen jini. Naman hanta ta hanya biyu yake sha, babbar jijiyar da ke kwaso jini daga hanji da ƙaramar jijiya mai bugu da ke zuwa daga zuciya. Bangon bututun maɗaciya kuwa mai bugun kaɗai ke ciyar da shi. A jikin da wuƙa ba ta taɓa ba, siraran jijiyoyi suna bin gefunan bututun daga ƙasa da kuma daga sama. Ranar dashe an datse na ƙasa. Guntun bututun da ya zo da sabuwar hanta ya dogara ga abin da ke sauko masa daga sama, bakinsa kuma, daidai inda allura za ta ɗinka, shi ne na ƙarshe a layin rabo. Naman da jini ya yi wa ƙaranci da tabo yake warkewa, tabo kuwa janyewa yake yi yana tsukewa.

Haɗin iri biyu ne. Mafi yawa baki da baki ake yi, a ɗinke bututun sabuwar hanta da ragowar na majinyaci da zare mai sirantar gashi. Amfaninsa shi ne hanya ta zauna a yadda aka halicce ta, na'ura tana iya kaiwa gare ta ta baki. In bututun majinyacin ne ke da cuta tun farko, ko faɗin biyun ya yi hannun riga, ko yaro ne da aka haifa bututunsa a toshe, sai a yanko hanji a jawo shi sama a dasa bututun a jikinsa. Wannan shi ne haɗin Roux. Wanda bai san irin nasa ba ya duba takardar fiɗarsa tun yau, domin ita za ta nuna ƙofar da za a ƙwanƙwasa ranar da abu ya taso.

Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Alkaluman da suka fi yawo a littattafai daga Turai da Amurka suke, inda galibi hantar mamaci ake dasawa sukutum da babban bututunta guda ɗaya. Namu kuwa, da ciwon hanta nau'in B ya fi kai su ga dashe, da mai ba su suke tafiya, ɗa ko ƙane ko mata, a yanki ɓangaren hantarsa, yawanci na dama in babban mutum za a yi wa. Reshen dama gajere ne, faɗinsa milimita 3 zuwa 4, sau da yawa ma ba baki ɗaya gare shi ba, biyu ne ko uku, kowanne da inda ya fuskanta. Shi ya sa tsukewar mahaɗa, da kan samu wajen mutum ɗaya cikin goma a hantar mamaci, take ninkawa a hantar mai rai, gyaranta kuma ya fi wuya. Duk wanda ya karanta alƙawarin nasara a intanet ya fara tambayar wace irin hanta ake magana a kai.

Gane cewa bututu ne

An ce jiki magayi, amma a nan maganar ba ta cika aiki ba. Sabuwar hanta ba ta haɗe da jijiyoyin jin zafi na mai ita, saboda haka bututu kan toshe babu ciwon gefen dama. Takrolimus da firedinisolon da danginsu, wato magungunan danne garkuwa, suna iya rufe masassara. Yawanci gwajin jini ne ke fara tona asiri: ALP, wanda takardun Faransanci ke rubutawa PAL, da GGT, alkaluman da kan tashi in ruwan maɗaciya ya tsaya, su hau, daga baya bilirubin, sinadarin da ke sa ido rawaya, ya biyo. Kafin ido ya yi ruwan ɗorawa, fitsari ya koma kalar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, ƙaiƙayi ya hana barci, ruwan ya daɗe yana taruwa. Wannan ne dalilin gwajin jini a kan kari ko da mutum yana jin garau.

Tarko biyu ne a wajenmu. Na farko, ido ya yi rawaya a ce shawara ce a jiƙa sassaƙe. Babu jiƙon da ke buɗe tabo, wasu ma hantar suke ƙara wa nauyi. Na biyu, a damina kowace masassara ta sauro ce sai an ga akasin haka. A yi gwajin, daidai ne, amma samun cutar sauro a jini bai wanke bututu ba. Ana iya samun biyun a jiki ɗaya.

Hawan waɗannan alkaluma ba bututu kaɗai ke kawo shi ba. Ƙin dashe, dawowar ciwon hanta, illar wani magani, ƙwayar CMV, duk suna iya ba da hoto mai kama da haka, don haka akwai tsarin bincike. Ana farawa da eko mai Doppler, wato mai nuna gudun jini, ba don ganin bututu kawai ba, don a tabbatar jijiya mai bugu tana gudu. In ta toshe ko ta tsuke, labarin ya sauya gaba ɗaya, domin gyaran bututun da ba ya samun jini aikin baban giwa ne. Game da bututun kansa, eko yana yaudara: bututun hantar dashe ba ya saurin kumbura a bayan toshewa kamar na sauran mutane, sai mai duba ya rubuta cewa komai lafiya alhali hanya a tsuke take. Abin dogaro shi ne hoton IRM, na injin maganaɗisu, na hanyoyin maɗaciya, wanda ke kama fiye da tara cikin goma na tsukewa, ba tare da an zura komai a jiki ba. In IRM bai nuna komai ba kuma alkaluma na ci gaba da hawa, sai a ɗebo ɗan naman hanta da allura a duba ko ƙin dashe ne.

Yadda ake shiga

Sunan aikin da ake yi ta baki ERCP, ko CPRE a takardun Faransanci. Ba fibro ɗin da aka sani na duba gyambon ciki ba ne. Na'urar fibro gaba take kallo. Wannan idonta a gefe yake don ta fuskanci tsiron nan, tana da ɗan harshen ƙarfe a baki da ke juya kayan aiki sama da ƙasa, kuma dole a yi aikin ƙarƙashin injin rediyo, wato X-ray, mai nuna hoto nan take. Asibiti yana iya mallakar fibro bai mallaki wannan ba, don haka a yi tambayar da sunanta.

Majinyaci yakan bar ci awa 6 zuwa 8, amma takrolimus na safe ana shansa da kurɓin ruwa, ba a tsallake shi. Ana duba daskarewar jini: plaket, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, sama da 50,000, INR, ma'aunin jinkirin daskarewa, ƙasa da 1.5, in za a yi yanka. Mai dashen hanta ana ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin a fara, abin da ba kowane mai ERCP ake yi wa ba. A yi masa allurar barci, a kwantar da shi rub da ciki ko a ɗan karkace. Na'urar, mai kaurin yatsa, ta bi maƙogwaro da tumbi ta tsaya gaban tsiron. Ta cikinta ake zura siririn tiyo ɗauke da waya mai laushin kai wadda kaurinta bai kai milimita guda ba, a lallaɓa ta shiga bututun maɗaciya, ba na fankiriya da ke maƙwabtaka da shi ba. Sai a tura ruwan da ke fitowa a hoton rediyo, rassa su bayyana kamar itace a rani. Gwani ba ya cika reshen da bai da tabbacin zai iya zubar da ruwansa, don ruwan da ya kwanta a bayan toshewa gidan ƙwayoyin cuta ne. Yawanci ana ɗan tsaga zoben Oddi da waya mai wutar lantarki don ƙofa ta buɗe, dabarar da likita Kawai a Japan, da Classen da Demling a Jamus suka fito da ita a 1974.

Tsukewar mahaɗa

A hoto tana fitowa gajeriya, wuri ɗaya, kamar ƙugun kalangu, daidai kan ɗinki. Aikin farko, kuma wani lokaci mafi cin rai, shi ne wayar ta ratsa ƙugun. In ta wuce, sai a bi ta da balan-balan mai tauri, a hura shi da ruwa na daƙiƙa 30 zuwa 60 har ƙugun ya baje a hoto. Faɗinsa daga milimita 4 zuwa 10, ana zaɓa gwargwadon bututun da ke sama da ƙasa, ba a wuce shi. A makonnin farko bayan dashe ba a hura balan-balan a kan ɗanyen ɗinki, yana iya yagewa. Tsukewar wannan lokaci ma galibi kumburi ne, sitent guda na ƴan watanni kan wadatar.

Hurawa kaɗai ba ta riƙewa, fiye da rabi sukan koma yadda suke, don tabo kamar roba yake. Saboda haka ake barin sitent, wato ɗan tiyon da ke tokare wurin, wanda likitocin da suka yi karatu da Faransanci ke ce wa furotez. Ana auna kaurin sitent na roba da ma'aunin Fr, kowane uku milimita ɗaya ne: mai lamba 10 ya ɗan haura milimita 3, mai lamba 7 ya ɗan haura 2. Tsarin da ya kafu, wanda Costamagna da abokan aikinsa a Roma suka bayyana a 2001 kan tsukewar bayan fiɗa, shi ne a jera su gefe da gefe. A zaman farko a sa ɗaya ko biyu. Bayan wata 3 a cire, a sake hurawa, a sa uku. Bayan wasu 3 a ƙara, iya abin da bututun zai ɗauka. Haka har wajen shekara, zama huɗu ko biyar. Manufar ita ce tabon ya sake ginuwa a kan faɗin da aka ɗora shi, kamar yadda ake gina baka a kan tokara sai ta bushe a zare. Ranar ƙarshe ana tura ruwan hoto a ga ƙugun ya ɓace, a ja ɗan balan-balan a hure ya ratsa mahaɗar ba tare da ya maƙale ba, sannan a bar mutum ba sitent. A hantar mamaci takwas zuwa tara cikin goma suna warkewa ta haka. A hantar mai rai abin yakan sauka zuwa shida ko bakwai.

Me ya sa wata 3? Da an tsaga zoben Oddi, an kuma bar tiyo yana leƙo cikin hanji, ƙwayoyin cuta sun samu tsani. Suna shimfiɗa yauƙi a cikin tiyon, laka ta manne, rami ya yi ta raguwa har ya rufe. Mai lamba 7 ya fi saurin cushewa. In sitent suna da yawa ruwa kan bi ta tsakaninsu ko da sun toshe, shi ya sa wasu cibiyoyi ke ɗan tsawaita wa'adi, amma wannan hukuncin wanda ya sa su ne, ba na mai lissafin kuɗin jirgi ba.

Akwai kuma sitent na ƙarfe, ragar waya da aka lulluɓe da fata mai santsi, wadda ke buɗewa da kanta zuwa milimita 8 ko 10. Ana barinta wata 3 zuwa 6 a zare. Wani gwaji da aka yi a asibitocin Amurka, aka wallafa a 2016, ya nuna ba ta gaza jerin na roba ba wajen warkarwa, kuma zaman da ake bukata ya ragu. Ga wanda tsakaninsa da Yamai kaɗai ya haura kilomita 600, balle a ce sai an hau jirgi, zama biyu maimakon biyar ba ƙaramin abu ba ne, kuma ya kamata a faɗa wa likita wannan ƙarara ya sa shi cikin lissafi. Sai dai tana da sharuɗɗa. Tana iya zamewa ta faɗa hanji ko ta shige sama kafin ta gama aiki. Ba ta dace da siririn bututu ba. Babban abin kuma, lulluɓinta yana rufe bakin duk reshen da ta gitta, ga shi a hantar mai rai mahaɗar tana dab da mararrabar rassa. Don haka mutanenmu, da suka fi kowa bukatar rage tafiya, su ne ta fi ƙin dacewa da su. An ƙera gajeru masu ƙugu a tsakiya da zaren jawowa don irin wannan wuri, suna kuma taimakawa in siffar bututun ta yarda. Ragar ƙarfe marar lulluɓi kuwa ba a sa ta a tsukewar da ba ta ciwon daji ba, ko kusa: nama yana tsirowa ta cikin ramukanta, ba ta ciruwa.

A hantar mai rai sau da yawa kowane reshe sai an ba shi nasa siririn sitent. Reshen da ke zagayawa baya yana karyewa da kwana mai kaifi, waya ta yi ta zamewa tana komawa ɗayan. In ta ƙi, akan shigar da wata ƴar ƙaramar kyamara cikin bututun kansa a nemo ramin da ido, wanda wani lokaci bai fi hudar allura ba. In hakan ma ya faskara, likitan rediyo ya huda ta fata tsakanin haƙarƙari, ya shiga reshe daga sama, ya turo waya ƙasa, mai na'ura ya cafke ta a hanji. Inda mahaɗa ta rufe ruf, wasu cibiyoyi a Japan da Koriya ta Kudu suna ajiye maganaɗisu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, su matse tabon a hankali har hanya ta ɓulle.

Tsukewar da ba ta kan ɗinki wata aba ce daban, kuma ta fi muni. Rashin jini ne ya ƙone bangon rassa tun daga ƙofar hanta zuwa ciki, ko don jijiya mai bugu ta toshe, ko don hantar ta daɗe a sanyi kafin a dasa. Takan bayyana da wuri, cikin wata 3 zuwa 6. A hoto wurare da yawa ne, dogaye, rassa sun yi kamar carbi. Fatar ciki da ta mutu tana saɓulowa ta haɗu da laka ta daskare da siffar bututun. Ana shiga a share, a hura ƙaramin balan-balan na milimita 4 zuwa 6, a sa sitent inda hannu ya kai, a ƙara da maganin urso mai tsinka ruwan maɗaciya. Gaskiyar magana, a nan na'ura sau da yawa lokaci take saya. Kaso mai yawa daga ƙarshe sai an sake dashe, kuma ya fi kyau iyali su ji haka tun da wuri.

Yoyo da tsakuwa

Yoyo yawanci na watan farko ne, majinyaci bai ma baro ƙasar da aka yi aikin ba. Yana fitowa daga ɗinki, ko daga fuskar hantar da aka yanka, wanda kan samu mai bayarwa shi ma. Ana ganin ruwa kore ko ruwan ɗorawa a tiyon da aka bari a ciki, ko ciki ya ɗaure da masassara. Na baya-baya shi ne na tiyo mai siffar T da wasu likitocin fiɗa ke bari cikin bututu ya fito ta fata, a zare shi bayan wajen wata 3. Ramin da ya bari yana iya ɗiga, tunda maganin danne garkuwa yana jinkirta warkewa.

Dabarar gyaran tana ba mutane mamaki, domin ba a liƙe ramin. Ruwa gangare yake bi. Muddin zoben Oddi yana tsuke, ramin yoyo ne hanya mafi sauƙi. Da an sa sitent ya ratsa zoben, ko an tsaga shi, ruwan ya koma bin hanji, ramin ya bushe ya rufe da kansa. Ana barin sitent mako 6 zuwa 8 a mai dashe, fiye da yadda ake yi wa sauran mutane, kuma wajen tara cikin goma suna warkewa. Ruwan da ya riga ya taru a kogon ciki kuwa sitent ba ya kwashe shi, sai an huda ta fata da jagorancin eko ko sikana an zuƙe, in ba haka ba ya zama mugunya. In ɗinki ya warware sosai, ko bakin bututun ya ruɓe don jijiya ta toshe, wannan na ɗakin fiɗa ne. Wurin da ya yi yoyo kuma a sa masa ido, shi ne kan dawo da tsukewa daga baya.

Tsakuwa da laka suna taruwa a duk inda ruwa ya kwanta, ko ba matsarmama. Ana jawo su da balan-balan ko ɗan kwandon waya, manya a farfasa su tukuna. Wanda ya kwashe tsakuwa bai nemi tsukewar da ke ƙarƙashinta ba zai sake dawowa. Akwai kuma ƴan kaɗan da zoben Oddi ne da kansa ya ƙi saki bayan an yanke masa jijiyoyi. A hoto bututu duka ya kumbura, na sama da na ƙasa, ba ƙugu a ko'ina. Tsagawa kaɗai ta ishe su.

Masu haɗin Roux, na'ura mai ido a gefe ba ta kai wa ga nasu. Sai doguwa mai balan-balan da ke tattaro hanji kamar hannun riga tana matsawa gaba, ko a bi ta fata.

Abin da aikin kansa ke iya jawowa

Mafi yawa shi ne kumburin fankiriya, wajen mutum ɗaya cikin ashirin: ciwo mai tsanani a saman ciki da ke ratsawa baya, da amai, cikin awoyi bayan aiki. Ana rage haɗarinsa da diklofenak ko indometasin miligiram 100 ta dubura dab da farawa, da ƙarin ruwa na Ringer. A mai dashe sai an duba ƙoda tukuna, domin takrolimus ya riga ya matsa mata, waɗannan magunguna kuma suna ƙarawa. In kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, ya hau, akan bar su a sa ɗan siririn sitent a bututun fankiriya in an taɓa shi. Wurin da aka tsaga yana iya zubar da jini, wani lokaci bayan kwanaki, a ga bayan gida baƙi kamar kwalta. Hujewar hanji ba ta da yawa, amma in ta faru ba ta jiran gobe. Saboda waɗannan, kama doguwar hanya washegarin aiki ganganci ne.

Wanda ya fi kashewa a nesa da cibiyar dashe shi ne sitent ya toshe ƙwayoyin cuta su hau. Masassara da karkarwa, ido ya sake rawaya, wani lokaci ruɗewa ko faɗuwar awon jini kawai. Abin da likita a Maraɗi zai yi a daren nan a bayyane yake: ɗaukar jini don shuka ƙwayoyin cuta kafin allura, ƙarin ruwa, maganin kashe ƙwayoyi mai faɗi ta jijiya, sa'annan waya zuwa inda za a buɗe hanyar cikin awa 24 zuwa 48. Magani shi kaɗai yana kwantar da masassara, ba ya buɗe tiyo, kuma lafawar kwana biyu ita ce ke sa a fasa tafiya. A kula da zaɓin magani: kilaritromisin da eritromisin da fulukonazol suna ɗaga takrolimus a jini har ya taɓa ƙoda, rifamfisin na tarin fuka kuwa yana zubar da shi ƙasa har jiki ya far wa hantar. Rage maganin danne garkuwa yayin cuta shawara ce da ake yi da cibiyar dashe, ba a kan gado kaɗai ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a baro asibitin da aka yi dashe, ko aka sa sitent, takarda ta fito da waɗannan a rubuce: hantar mamaci ce ko ta mai rai, wane ɓangare, bakin bututu nawa aka ɗinka, baki da baki ne ko Roux, sitent nawa ke ciki, na roba ko na ƙarfe, lambarsu da tsawonsu, ranar da aka sa da ranar da za a canza. A karɓi hotunan kansu a faifai ko a waya, ba bayaninsu kaɗai ba, don wanda zai shiga a karo na gaba yana bukatar ganin kwanar da na farko ya bi. Takardun Indiya da Turanci suke zuwa, a sa a juya muhimman layukan zuwa Faransanci tun ana lafiya. A kuma san tun a lokacin inda za a yi canji na gaba, da kuɗinsa da bizarsa, domin wanda ya sayar da gona don dashe ba kasafai ake gaya masa akwai sauran zama huɗu a gaba ba. Sitent ɗin da aka manta shekara ko biyu yakan zama ƙashin bayan doguwar tsakuwa, ya riƙa kawo masassara a kai a kai, matsin ruwan da ke bayansa kuma ya taurara sabuwar hanta kamar yadda tsohuwar ta taurare. In ana shakkar ko yana nan ko ya zame, hoton rediyo na ciki, wanda ake yi a nan gida, yakan nuna shi.

Bayan an zare na ƙarshe ma ana ci gaba da auna PAL da GGT da bilirubin, kusa-kusa a watannin farko, sannan a riƙa tazara. Tsukewa takan dawo wa ɗaya zuwa biyu cikin goma, galibi a shekarar farko ko ta biyu, kuma yawancinsu ta baki ake sake buɗewa. Wanda aka yi wa zagaye biyu cikakku bai riƙe ba, shi ne ake kai wa fiɗa a mayar da haɗinsa na Roux.